'Ya'yan Risha

An ce Risha ta ɓaci. Maganar ta zo mini ta bakin Burniya maƙwabciyata, wadda ta shigo aron rariya da hantsi ta zauna har azahar.

Risha karyar ƙanena Lazhar ce, sulugi, wato irin karnukan farautar nan na Sahara, mai launin yashi, siririya kamar an zana ta da alƙalami. Shekara biyu a jere tana kama zomo a gaban jama'a a bikin hunturu, har mai kantin magani ya manna hotonta kusa da na mahaifinsa. A bara da ta shiga neman namiji sai ta tsallake katanga, ta yini a bayan mayanka tare da karen mahauci, wani jibgegen farin kare mai gundulallen kunne wanda ba a san ubansa ba. Likitan dabbobi ya yi mata allura, cikin bai zauna ba. A ganina magana ta ƙare nan. A ganin gari kuwa yanzu ta fara.

"Jininta ya gauraya, Malama," in ji Burniya. "Kowane kare ya hau ta nan gaba, sai 'ya'yan sun ɗebo kamannin na mahauci. Na farko shi ke barin tambarinsa a ciki. Kowa ya san haka."

"Kowa wa?"

"Kowa mana. Tun kakanni."

"Kakannin nan su ne suka ce in mai ciki ta kalli zomo za ta haifi ɗa mai tsagaggen leɓe."

"To ba ga ɗan gidan Sasi ba?"

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandaren garin nan. Rabin mazan da ke yawo da sulugi yau sun zauna a ajina, na zana musu wake mai santsi da wake mai tamoji a allo, na nuna musu cewa ɗa daga uwa ɗaya da uba ɗaya yake gado, ba daga baƙon da ya taɓa wucewa ta ƙofar gida ba. Sun rubuta, sun ci jarrabawa, wasunsu dai, sannan suka fita suka ci gaba da yarda da abin da kakarsu ta faɗa. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na ba Burniya rariya, na yafa mayafi na nufi gidan Lazhar.

Na same shi a zaure yana gyaran igiyar wuya. Risha ba ta kan bargonta na kusa da shi. Tana can baya wurin awaki, a ɗaure, lallen ƙafafunta ya koɗe ba a sake ba. Da ta gan ni ta miƙe, ba ta kaɗa wutsiya ba. Sulugi ba ya yi wa kowa fadanci, shi ya sa nake ganin girmansa.

"Me za ka yi da ita?" na tambaye shi.

"Sannu da zuwa, Yaya. Lafiya lau nake, na gode da tambaya."

"Me za ka yi da ita?"

Ya ajiye igiyar. "Sulugi ba a sayar da shi, kin sani. In na ba wani ita a haka, na zage shi. In na bar ta a gidana, duk ɗan da ta haifa za a ce na mahauci ne. Zan kai ta rijiyoyin nesa in sake ta. Makiyaya na zuwa can."

Shi ya san abin da hakan ke nufi, ni ma na sani. Karyar da ta tashi da gurasar sha'ir da man zaitun, ake lulluɓa mata bargo da sanyi, ba za ta ga ƙarshen bazara a rijiyoyin nesa ba. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Shi ya raine ta da madarar akuya tun idonta bai buɗe ba.

"Ba abin da ya same ta," na ce. "Ka ba ni ita. A haɗa ta da sulugi na asali, a gidana, ni zan tsare ta. In ta haifi 'ya'ya masu tsabta, ka kwance ta daga wurin awakin nan, kuma ka faɗa a gaban mutane cewa Yayarka ta yi gaskiya."

"In kuma ta haifi na mahauci fa?"

"Ba za ta haifa ba."

"In ta haifa fa, Yaya?"

"Sai ka kai ta inda ka ce, ba zan buɗe baki ba."

Ya yi dariya a karon farko. "Wannan kaɗai ya isa a gwada."

Samun namiji ya fi wuya. Sulugin da ya fi kowane a garin shi ne Shahin, na Si Munsif mai gonar dabino, wanda ya maimaita aji a hannuna saboda waken nan dai. Yanzu ya yi tumbi da furfura, ana ce masa Si don girmamawa, amma da na shiga gonarsa sai da ya ɓoye sigarinsa a bayansa.

"Malama, ki tambaye ni dabino, ki tambaye ni rago. Shahin ba ya shiga inda karen mahauci ya riga shi."

"Tsoro kake kada shi ma ya haifi 'ya'yan mahauci?"

"Namiji ai ba ya ɗauka."

"A wane shafi ka karanta haka?"

Ya sosa ƙeya. A ƙarshe ya yarda, don ya fi son ya ga na kunyata fiye da yadda yake son tsare mutuncin karensa. Al'ada ta ba mai namiji zaɓin farko a cikin 'ya'ya. Ya ce in riƙe zaɓin, ba zai ɗauki ko ɗaya ba, ko da an haɗa masa da akuya.

Haka Risha ta dawo gidana. Ba mu biyu kaɗai ba ne, akwai wani ɗan kare, Kammun. 'Yata Wi'am ce ta bar mini shi da ta tafi aiki Faransa, wai na wata shida, shekara bakwai ke nan. Baƙi ne mai ratsin ruwan ƙasa, gajere, ƙafafunsa kamar na kujerar tsugunno, ga gemu, ga haƙori ɗaya na ƙasa da ke leƙowa waje ko bakinsa a rufe yake. In yana roƙon abinci sai ya karkatar da kai gefen hagu. Aikinsa a duniya shi ne kwanciya a kan dakalin tsakar gida inda nake shanya barkono, yana shan hantsi. Mazan garin nan ba sa lissafa shi cikin karnuka. Lazhar na kiran sa matashin kai mai numfashi. Ni ma, a gaskiya, ban taɓa yi masa kallon da ya wuce haka ba.

Na ɗauki renon Risha kamar yadda nake ɗaukar ajin jarrabawa. Na kai ta aka yi mata rigakafi, na ba ta maganin tsutsa, na duba kunnuwa da haƙora, na cire mata kaska da hantsaki. Na sayo buhun abincin karnuka daga birnin Gabis, mai hoton kare yana murmushi, na auna mata da kofi. Ta shinshina, ta dube ni yadda sufeton makarantu ke duban allon da ba a goge ba, ta tafi ta kwanta. Kammun ya cinye. Bayan kwanaki na koma ga gurasar sha'ir da man zaitun da ɗan dabino, na gaya wa kaina cewa ni na zaɓi hakan saboda dalilan lafiya. Burniya ta zo da lalle za ta sa mata a ƙafa, wai yana taurara tafin. Na yi mata bayani cewa lalle rini ne kawai. Ta saurara har na gama, sannan ta sa. Ya yi mata kyau ƙwarai.

Da lokacinta ya matso na mai da gidan kurkuku. Na sa aka ƙara wa katanga tsawo da zarben dabino. Na toshe magudanar ruwa da dutse. Na sa kwaɗo a ƙofar soro, wani a ƙofar gida, na rataye makullan a wuyana kamar laya. Karnukan unguwa suka taru a bakin ƙofa, sun yi layi kamar masu jiran motar Tunis, har da na mahauci, wanda na jefa da ludayi na same shi a gindi. Ba na zuwa kasuwa, ba na zuwa gaisuwa. Aka yi bikin jikar ƙawata ban je ba, har yau tana riƙe da ni.

Kada a ce ban yi tunanin Kammun ba. Na yi, kuma na yi shi yadda mai ilimi ke yi. Na ɗauko tef ɗin ɗinki na auna shi daga ƙasa zuwa kafaɗa, na auna Risha daga ƙasa zuwa ƙugu. Ko ya miƙe da ƙafa biyu ya yi ɗage, da sauran tafiya mai nisa. Ga tsufa, ga ƙiba, ga tarin da yake yi in ya hau matakala. Lissafi ya ce ba zai yiwu ba. Risha kuwa in na kulle ta ita kaɗai a ɗakin ajiya sai ta yi ta kuka ta ƙi cin abinci, in Kammun na kusa sai ta yi shiru. Don haka na bar su a tsakar gida tare, na koma bakin ƙofa da ludayina ina gadin maƙiyi.

Sau biyu na kai ta gonar Si Munsif, kowane zuwa da shaidu. Shahin ya yi abin da aka kawo shi duniya ya yi, Si Munsif na tsaye yana kallon sama kamar ana aurar da ɗansa ga dangin da bai so ba.

Bayan wata biyu, wata safiya ina dama kunun sha'ir, ta haihu a kan tsohon bargon marigayi mijina. Shida. Duka lafiya, duka makafi, masu guntun hanci da guntuwar ƙafa kamar ɓeraye, yadda kowane ɗan kwikwiyo yake ranar da ya zo. Huɗu masu launin yashi, biyu sun ɗan yi duhu. Duhun bai dame ni ba, kakar Shahin baƙa ce. Abin da na duba shi ne fari, farin karen mahauci, ban ga ko ɗigo ba.

Mai hankali da ta jira. Ni na dafa kuskus da naman rago na aika gida gida. Na ce wa Burniya ta je ta gai da kakanni, ta ce musu Malama Shadliya na yi musu barka. Lazhar ya zo, Si Munsif ya zo, suka tsuguna suka ƙirga.

"Shida," in ji Si Munsif. "Ba a yabon kwikwiyo sai ya bar nono, Malama."

"Ka je ka yi bitar darasin wake kafin lokacin."

Lazhar kuwa na ga ya shafa kan Risha da bayan hannu kafin ya tashi.

Makonni suka wuce. Huɗun nan suka fara miƙewa, hanci ya yi tsini, ƙafafu suka yi tsawo har suna harɗe su, ciki ya ɗage. Biyun kuwa suka tsaya a ƙasa suna faɗi. Na ce ai a kowace haihuwa akwai na baya. Na ce tsutsa ce, na ba su magani. Na ce ƙarancin abin gina ƙashi ne, na ƙara musu madara, suka ƙara zama kamar tulu. Sai gashi ya fara murɗewa a haɓarsu.

Wata rana Burniya ta shigo mayar da rariya ta same ni zaune a ƙasa da kwanon man zaitun, na ɗora ɗaya a cinya ina ja masa ƙafafu a hankali, ina murzawa, ko za su ƙara tsawo. Ni, da na yi shekara talatin ina gaya wa yara cewa ba a jan ƙashi ya miƙe.

"Allah ya ba da sa'a, Malama," ta ce. "Kakata ma haka take yi."

Kafin la'asar duk gari ya ji cewa Risha ta haifi masu gemu biyu.

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, ni kaina na fara shakka. Na sauko da tsoffin littattafaina daga saman kabad na kaɗe musu ƙura. Duk sun ce abin da na sani. Amma littafi na hannuna, masu gemu na gabana suna tauna mini silifa. Na ce to ko dai kakannin nan sun ga wani abu da masu littafi ba su gani ba? Ko shekara talatin na yi ina yi wa 'ya'yan mutane ƙarya da alli? Na shiga zuwa mayanka kullum, in sayi naman da ba na bukata, in tsaya ina ƙare wa farin karen nan kallo, har mahaucin ya fara gyara gashin baki in ya hango ni. Karen dogo ne, fari, haɓarsa sumul. Bai yi kama da biyun ba ta ko'ina. Na faɗa wa Burniya haka, ta ce ai tambari ba lallai ya fito daidai ba, wani lokaci yana karkacewa. Maganar da ba ta da inda za a kama ta ke nan, komai ya fito ta ci.

Lazhar ya zo ya gan su. Ya daɗe a tsaye.

"Ranar Juma'a bayan an sauko za mu zo a yi zaɓi," ya ce. "Zan zo da mota."

"Lazhar, huɗu fa kamar an zana su."

"Kin ce ba za ki buɗe baki ba, Yaya."

Ya fita bai kalli Risha ba. Ita kuwa ta bi shi har ƙofa ta tsaya.

Burniya, ban da baki, mace ce mai tausayi. Ta ce in ba ta biyun ta ɓoye a ɗakin kajinta, a ce sun mutu, kwikwiyo ai mutuwa suke. Na ce mata wa zai yarda, bayan ita da kanta ta kwatanta gemunsu a gidan wanka da gidan burodi da wurin makoki biyu? Ta ce ba ta kwatanta a makoki na biyu ba, tambayar ta aka yi.

Ranar Alhamis da rana ina soya hanta a kicin, ba don ina jin yunwa ba, sai don naman mayanka ya yi mini yawa. Na juyo zan ɗauki gishiri. A bakin ƙofa ga fuskoki uku a jere, babba a tsakiya, ƙanana a gefe da gefe. Gemu uku. Kai uku, duka a karkace gefen hagu. A bakin kowannensu haƙori ɗaya na ƙasa yana leƙowa.

Na tsaya da cokali a hannu har hantar ta ƙone.

Na sani sarai cewa karya na iya ɗaukar cikin maza biyu a lokaci guda, kowane ɗa da ubansa. Na koyar da wannan, da misalin kyanwa, yara suna dariya a bayan aji. Amma lissafin fa? Na fito tsakar gida. Kammun ya biyo ni, ya yi tsalle da ƙyar ya hau dakalinsa ya kwanta cikin barkono. Risha ta zo ta tsaya a gindin dakalin, ta jingina da shi, yadda na sha ganin tana yi ban kula ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko tef ɗin ɗinki. Na auna dakalin. Na haɗa da awon Kammun na wancan karon. Ko tela bai isa ya yanka abu ya zauna daidai haka ba.

Na zauna a ƙasa na dube shi. Ya buɗe ido ɗaya, ya yi tari, ya koma barci.

Yanzu zaɓi ya rage gare ni. In na yi shiru, gari zai ce tambarin mahauci ne, za a tausaya mini a ce Malama ta yi iya ƙoƙarinta amma kakanni sun fi ta, Risha kuma ta tafi rijiyoyin nesa. In na yi magana, zan tsaya a gaban ɗalibaina in ce na ƙara wa katanga tsawo, na toshe magudana, na jefi kare da ludayi, na ƙi zuwa biki, alhali ɓarawon yana ciki ina ba shi abincin Gabis. Ba zan ce ban yi jinkiri ba. Na yi, har na wanke tukunyar da ta ƙone tas.

Ranar Juma'a suka zo su wajen goma, da alkyabbobinsu, suka zauna a tabarmi. Na kawo shayi. Motar Lazhar na bakin ƙofa, na hango igiya a bayanta. Burniya da wasu mata sun hau soronta suna shanyar kayan da tuni sun bushe.

Na fito da huɗun na ajiye a tsakiya. Aka zuba musu ido irin na masu kallon abin da suke so amma ba sa son a gane. Na fito da biyun. Wani ya yi gyaran murya, Si Munsif ya ɗaga hannu sama kamar mai cewa ga shi nan.

"Ku dakata," na ce. "Saura uba."

Na shiga kicin na rungumo Kammun na dire shi kusa da su. Na ɗauko guntuwar hanta na ɗaga. Kai uku suka karkata hagu.



"Malama," in ji Si Munsif a hankali, "wannan ai ko gwiwarta bai kai ba."

"Ni ma haka na ce. Har na auna."

Na ɗauki Kammun na ɗora shi a kan dakali. Na kira Risha ta zo ta tsaya a inda ta saba. Na koma gefe na naɗe hannu, yadda nake yi in na gama rubuta amsa a allo.

Wani dattijo ne ya fara dariya, shayi ya sarƙe shi. Daga nan tsakar gidan ya ɗauka. Daga soro na ji Burniya tana salati tana dariya a haɗe. Lazhar ya rufe fuska da alkyabba, kafaɗunsa na rawa. Si Munsif ya share hawaye ya ce, "Malama, a darasin wake ba ki gaya mana akwai dakali ba."

"Ba ka kai wannan babin ba, ka faɗi tun a na farko."

"Ni dai ban taɓa sa wa gidana kwaɗo biyu na kulle ɓarawo a ciki ba."

Na bar su suka yi mai isarsu. Na cancanta. Da suka lafa na ce, "To. Ga shida a gabanku. Ku nuna mini na mahauci."

Dattijon ya ce, "Ai yanzu ta ɓaci sau biyu ke nan. Ga tambarin mahauci, ga na wannan matashin kai."

Aka gyaɗa kai. Ban hango wannan ba. Na tono gaskiya, na zubar da mutuncina a tabarma, su kuma sun ɗauke ta sun ƙara a kan ƙaryarsu. Lazhar ya daina dariya, yana kallon ƙofa.

Si Munsif dai hankalinsa ba ya wurin. Wata 'yar mace cikin huɗun ta je tana jan bakin alkyabbarsa. Ya ture ta, ta dawo. Ya ɗaga ta kamar mai shirin mayar da ita, sai ya tsaya. Ya sa yatsu tsakanin ƙasusuwan ƙugunta. Ya shafa ƙirjin, ya buɗe tafin ƙafa, ya duba cikin baki. Ya ja wutsiyar ya ga inda ta kai. Sannan, yana kallon wani wuri daban, ya zura ta cikin alkyabba.

"Si Munsif," in ji Lazhar, "ba kai ka ce ko da akuya ba?"

"Zaɓin farko nawa ne. Al'ada ce."

"To ka yarda uwar ba ta ɓaci ba?"

"Ta ɓaci mana. Amma wannan ta ɓangaren mai kyau ta fito."

Kafin ya rufe baki hannuwa sun miƙe. Dattijon da ya ce sau biyu shi ya riga kowa cafke namijin da ya fi tsawo, yana cewa jikansa ne ke so. Lazhar ya yi tsalle ya ƙwace ɗaya, yana tuna musu cewa shi ne mai karya. Na huɗun aka kusa yin faɗa a kansa. Masu gemu biyu suka zauna a tsakiyar tabarma suna kallon kowa, ba wanda ya taɓa su.

Da aka watse Lazhar ya tsaya, kwikwiyo a hammata. Risha na gefensa tana shinshinar ɗanta.

"Ba zan iya kai ta rijiyoyi ba," ya ce. "Mutum huɗu na rungume da 'ya'yanta, har da ni. Kuma ba zan iya fita da ita biki ba. Ina sakin ta za a fara kiran Kammun daga kan rumfa."

"Ka ce Yayarka ta yi gaskiya. Haka muka yi."

"Mun yi a kan 'ya'ya masu tsabta. Shida kika ƙirga da bakinki, kika raba kuskus." Ya shafa kan Risha, wannan karon da tafin hannu. "Ki riƙe ta, Yaya. Na ba ki."

"Kai ka ce wanda aka ba ita an zage shi."

"Haka ne."

"Na karɓa."

Ya je mota ya dawo da bargonta, wanda ashe yana ciki a ninke ƙarƙashin igiyar, ya ajiye a kan dakali ya tafi.

Risha na nan, tana cin gurasar sha'ir, Burniya na sa mata lalle. Kammun ya je wurin likitan dabbobi ya dawo a dandaƙe da ɗinki, bai yafe mini ba. 'Ya'yansa biyu sun girma, in za a kira hakan girma, kuma ba wanda ya zo neman su. 'Yar da Si Munsif ya ɗauka ta kama zomo a bikin bana. A gari har yanzu ana cewa na farko shi ke barin tambari, in na wuce ta gaban masu shayi kuma wani kan tambaye ni ko ina da tef a jaka.

Risha ta haifi shida. Huɗu na Shahin ne, biyu na Kammun. Karen mahauci ba shi da ko ɗaya.